Jirgin Kyandir Na Nata'ala Mai Dalma

Ƙanena Nata'ala bai taɓa shiga jirgin ruwa ba har yau da nake wannan rubutu. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu idan damina ta yi albarka. Amma yanzu daga Gwarzo har Kabo, in ka ce "mai jirgi" rumfarsa za a nuna maka. Na ga mutane sun fara ƙara wa labarin gishiri, har na ji wata a gidan suna tana cewa wai a mafarki aka koya masa. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, tunda ina gidan.

Mahaifinmu Malam Mudassir, Allah ya jiƙansa, mai dalma ne. Da gwangwanin madara yake ƙera fitilar aci-bal-bal, yana yin mazurari da buta da ma'aunin kalanzir, yana kuma liƙe bokitin da ya ɓule. Yana da doka guda da kowa ya san shi da ita. Duk ƙarfen da aka kawo rumfarsa sai ya ɗora masa babban yatsa ya danna. In ya lotsa, sai ya cilla shi waje, ya ce wanda ya ƙera wa mutane kaya da wannan ya yi algus, kuma zai yi bayani gaban Allah. A kan haka Nata'ala ya tashi. Mu biyu muka rage wa iyayenmu, ni Uwaliya ce babba, na girme shi da shekara shida. Shi tun yana ƙarami ba mai magana ba ne. Ko an ba shi tuwo a kwano, sai ya juya kwanon ya duba gindinsa kafin ya mayar.

Ni aure ya kai ni Durun ta ƙasar Kabo, na yi shekara talatin da ɗaya a can. Da maigidana ya rasu na fita takaba, Nata'ala ya zo da kansa ya kwashe ni, ya ba ni ɗakin da mahaifiyarmu ta zauna. A lokacin na ga yadda sana'ar ta koma. Roba ta kashe bokiti da buta. Fitilar caji ta kashe aci-bal-bal. Sai ya fita da safe ya share rumfa, ya hura gawayi, ya jera almakashi da guduma da ƙarfen liƙi, ya zauna har azahar gawayin ya zama toka ba wanda ya tsaya. Gonar da muka gada a hanyar Mainika ce ke riƙe da gidan, da zoɓon da matarsa Rahama ke yi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Abin da na lura da shi kawai, ya daina wanke hannunsa da toka da yamma, don ba abin da ya taɓa da zai ɓata shi.

Muna da ɗan gwaggo, Jalo, direban babbar mota ne a Kano. Taubashinmu ne, ba ya raga wa Nata'ala ko kaɗan. Shi ya samo masa aikin gadi a wani sito, ya ce ƙarshen wata zai zo ya tafi da shi. Ya kuma ce zai taho da mai sayen tsohon ƙarfe, a ɗora uwar maƙera da sauran kayan Baba a sikeli a huta. Nata'ala ya ce to. Ranar na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Ba gadin ne ya dame ni ba, aikin halal ne. Kayan Baba da za a auna kamar dusa, shi ne abin da ya tsaya mini.

Saura mako uku sai ga Malama Jemimah. 'Yar Filato ce, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Kabo, mijinta Choji yana sayar da kayan janareta a bakin tasha. Sun shekara goma sha a Gwarzo, mun saba gaisawa wajen awo. Ta je rumfa ba ta same shi ba, aka kwatanta mata gida. Ta gaishe ni har ƙasa, muka tambayi juna gida da aiki da ruwa, sannan ta juya gare shi.

"Malam Nata'ala, an ce duk garin nan kai kaɗai ka rage mai dalma."

"An faɗa miki gaskiya, Malama. Ni ma kwanana ya kusa ƙarewa. Buta ce ta ɓule?"

"Jirgin ruwa nake so."

Rahama tana tace zoɓo, ta ɗago ta ce, "Malama, ba ki yi ɓatan kai ba kuwa? Nan ko kwale-kwale ba mu taɓa gani ba."

Malama ta yi dariya ta fito da waya. Ta ce tana yarinya mahaifinta yana da wani ɗan jirgin gwangwani, ba batir ba inji, guntun kyandir ake kunna masa ya yi ta tafiya a ruwa. Ta ce shekara nawa tana zana wa ɗalibanta tururi a allo, suna kallonta kamar tana ba su labarin aljanu. Makarantarsu za ta yi taron nuna ayyukan kimiyya, za a gayyaci malamai daga wasu makarantu, tana so yaran su ga tururi ya tura abu da idonsu. Ta nuna masa bidiyo. Ta yi masa bayanin cikin jirgin: 'yar tukunya shafaffiya kamar kwalin ashana, bututu biyu sun fito daga cikinta sun leƙa ruwa ta bayan jirgin, a ɗura ruwa ta bututun har tukunyar ta cika, a sa wuta a ƙarƙashinta.

Ya kalla sau uku. Ya miƙa mata wayar ya ce, "Zan gwada. Shi ne aikina na ƙarshe. In ya tashi, to. In hannuna ya kasa abin wasa, kin ga Jalo ya yi gaskiya."

Ban taɓa ganin abu mai kyau irin jirgin farko ba. Daga galan ɗin man girki ya yanko jikin, ya lanƙwasa goshin ya yi tsini, ya goge dalmar har tana ɗaukar ido. Bututun tagulla ya samo wajen masu gyaran firiji. Tukunyar kuwa ya zaɓo mata ƙarfe mafi kauri a rumfar, wanda ko ka taka ba zai lotsa ba. Ya kawo gida, ya karɓi bahon wankin Rahama ya cika da ruwa, ya kunna kyandir. Muka zagaye muna jira. Jirgin ya zauna daram kamar agwagwa mai barci. Kyandir ya ƙare, bai gusa ba.

Na biyu ya ce wuta ce ta yi kaɗan, ya sa kyandir biyu. Dalmar ta narke, tukunyar ta buɗe baki. Na uku ya ƙara wa marfin kauri don kada ya sake buɗewa. Wannan ya ɗan yi tsuwa, ya matsa kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya. Kwana goma sha shida ana haka. Rahama ta koma wanki a daro. Ta ce masa, "Malam, in jirgin ba zai je ko'ina ba, a sauke fasinja a ba ni bahona." Ya ci gaba da yankan ƙarfensa. Ya rame, ya daina cin goro. Jalo ya kira a waya ya tambaya ko an fara sayar da tikiti.

Saura kwana huɗu taron makaranta, biyar zuwan Jalo, Malama ta zo bayan la'asar. Ta ɗauki jiragen ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Ta ce ita ba ta ga laifinsu ba, sun ma fi na mahaifinta kyau. Ta sake kunna bidiyon. Ni duk kwanakin nan ban gani ba, sai na ce ta miƙo mini. Idona ba ƙarfi, na kai wayar kusa da hanci. Jirgin yana tafiya yana ƙara, fat-fat-fat. Ban kalli ruwan ba, marfin tukunyar na kalla. Na karɓi haihuwa da yawa a Durun, abin da na gani na san shi.

Na ce, "Nata'ala, marfin nan motsi yake yi. Kamar maɗigar jariri, yana hawa yana sauka."

Ya ce, "Na gani, Yaya. Tun ranar farko na gani."

"Ka gani?" in ji Malama.

"Ƙarfen ne ba kauri, shi ya sa yake rawa. Wanda ya ƙera shi ya yi ƙwauron ƙarfe, ya cuci mai saye. Na ce ni zan yi miki shi yadda ya kamata."

Malama ta ajiye jirgin ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce laifinta ne, ita da ta karanta abin ba ta taɓa tunanin ta faɗa masa ba. Ta ce rawar nan ita ce numfashin jirgin. Ruwa ya tafasa, tururi ya ɗaga marfin ya tunkuɗa ruwa waje ta bututu, jirgi ya matsa. Tururin ya huce, marfi ya faɗa, sabon ruwa ya shigo. Haka yake yi sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Tukunya mai kauri kuwa ba ta ɗagawa ba ta faɗawa. Ta ce ƙarfen gwangwanin lemo ake so, irin wanda yaro ke murƙushewa da hannu ɗaya.

Fuskar Nata'ala ta canza. Ya ce, "Wannan ba ya shiga rumfarmu. Baba ya hana. Kuma dalma ma ba ta kama shi, sai dai gam, aikin 'yan faci."

Rahama ta ce, "Baban ya taɓa ƙera jirgi ne?"

"Rahama."

"Tambaya na yi, Malam. Ka ce gadi za ka tafi. A can ɗin ma dokar Baba za ka bi, ka riƙa danna ƙofar sito da yatsa?"

Na ga abin zai zama faɗa gaban baƙuwa, sai na sa baki, ni da ba na shiga tsakaninsu. Na ce masa na riga shi sanin Baba. Abin da Baba ya ƙi shi ne a ba mace buta marar kauri a ce mata mai kauri ce, ta tafi gida ta ɓule mata bayan sati. Ɓoyewar ce algus. Na ce ga mai kayan nan zaune a tabarmarka, ita ke roƙonka da bakinta, me ka ɓoye mata? Aka kira magariba, ya ɗauki buta ya yi alwala ya fita. Malama ta tashi jiki a sanyaye. A zaure ta ce mini, "Mama, ko na ɓata masa rai ne?" Na ce ta bar wa Allah.

Washegari ya dawo daga masallacin asuba a makare, aljihun rigarsa ya yi tudu. Yana tafiya ana jin ƙaras-ƙaras. Ashe bayan shagunan tasha ya bi ya tsinto gwangwanayen lemo, ya ɓoye don kada mutane su gani. Bai kai su rumfa ba. A tsakar gida ya zauna ya juya mana baya.

A nan ne na ga amfanin shekara arba'in da ya yi a sana'ar. Tunda dalma ba ta kamawa, sai ya yi wa bakin tukunyar ninki biyu, irin wanda Baba ke yi wa gindin bokiti, baki ya shiga cikin baki ya kulle. A ƙarfen bokiti wannan aiki ne na guduma. A ƙarfen da bai fi takarda ba, guduma yaga shi za ta yi. Da bayan cokali ya yi ta murzawa, a hankali, yana riƙe numfashi. Ya yaga guda biyar. Na shida ya zauna. Gam ɗin da makanikai ke kwaɓawa ya shafa siriri wajen da bututu ya shiga kawai, yana shafawa yana ɓata fuska. Ya bar shi ya kwana ya bushe. Da safe ya tsoma tukunyar a ruwa, ya toshe bututu ɗaya ya hura ɗayan har kumatunsa suka cika. Ko ƙwayar kumfa ba ta fito ba.

Ya ɗaura ta a jikin jirgin farko. Ya ɗura ruwa, ya yi bismillah, ya kunna kyandir. Muka yi tsit, har kajin gidan na ji motsinsu. Can sai muka ji fat. Shiru. Fat, fat. Sai ƙarar ta haɗe, jirgin ya zabura ya daki gefen baho, ya bi gefen yana zagayawa, yana barin ɗan layi a bayansa. Rahama ta saki muciya. Nata'ala yana tsugune, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Na juya na shiga ɗaki na yi sujada.

Ranar taron Malama ta ce lallai sai mun je, har da ni. Muka shiga mota zuwa Kabo, jirgin yana cikin kwali a cinyarsa, duk ramin da aka faɗa sai ya ɗaga kwalin sama. A filin makarantar an jera bulo an shimfiɗa tampol an cika da ruwa, tsawonsa ya kai taku goma sha biyu. Baƙin malamai suna kan kujeru. Wasu na ganin dattijo da tsohuwar hula da ɗan gwangwani, na ga suna murmushi suna duba waya.

Ya kunna kyandir, iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. A gida katanga ce ke tare mana, ba wanda ya yi tunanin fili. Ya yi ta ƙyasta ashana tana karyewa. Malama ta dubi ɗalibanta ta ce, "'Yan mata, ku ba mu bango." Suka taso su fiye da talatin, suka jeru a gefen da iska ke zuwa, kowacce ta kama gefen hijabinta ta buɗe ta haɗa da na 'yar'uwarta. Wutar ta miƙe tsaye.

Jirgin ya tashi. Bai karkata ba, ya miƙe tsakiyar ruwan yana fat-fat-fat, 'yan matan suna binsa da gefe-gefe ba su saki hijabi ba. Ya kai ƙarshe ya tokari bulo, yana ta ƙara kamar yana neman a ba shi hanya. Kujerun baya suka zama wayam, kowa ya taso. Wani malami mai tabarau ya durƙusa har gwiwar wandonsa ta jiƙe, ya ce a ɗaga masa ya ga inda aka ɓoye batir. Nata'ala ya ɗaga jirgin ya miƙa masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi hankali, da zafi."

Sai tambayoyi. Malama ta ja gefe ta bar shi. Ƙanena da ba ya haɗa magana goma a yini ya tsaya gaban jama'a kusan awa guda. Wata yarinya ta tambaye shi me ya sa marfin yake rawa. Ya ce mata, "Nan ne ni ma na faɗi sau uku," ya ba su labarin jiragen da suka ƙi tashi, bai rage komai ba. Suka yi ta dariya, shi ma ya yi. Kafin mu bar wurin shugabar makarantar ta ce tana son guda shida, kuma ya zo ya nuna wa yaran yadda ake ninkin. Malamai biyu daga wasu makarantu suka karɓi lambar Rahama, don shi wayarsa ba ta riƙe caji. Ɗaya ya tambaya ko yana iya ƙera musu ƙananan mazurarai da fitilun ɗakin gwaji. Ya ce wannan ai tun yana yaro yake yi.

Washegari da hantsi Jalo ya iso da mai sikeli a bayan babur. Ya yi sallama ya shigo yana cewa, "Ina bawana? Ka ɗaure tabarmarka? Alhajin sito yana jira."

Ya tarar da shi a tsakar gida, gwangwanayen lemo jibge a gabansa a fili.

"Sannu da zuwa, Jalo. Ka ba Alhaji haƙuri, ya nemi wani."

"Kamar yaya ya nemi wani? Ni fa na tsaya maka."

"Aiki ya yi mini yawa."

Jalo ya dubi tarin gwangwanin ya dube ni. "Yaya Uwaliya, bola ya koma tsinta kuka zuba masa ido?"

Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna. Rahama ta janyo baho ba tare da an ce mata ba. Aka kunna. Jalo ya tsaya hannu a aljihu, yana shirin wata baƙar maganar. Da jirgin ya fara zagaye sai ya tsuguna. Ya kara kunne. Shi mutumin inji ne, ya ce wannan ai kamar ƙarar tsohuwar mota ce da aka kunna tana tsaye a silo. Ya kai yatsa ya taɓa marfin, ya janye da sauri ya sa a baki. Mai sikeli ya gaji da jira a waje ya leƙo, shi ma ya tsuguna. Da kyandir ya ƙare Jalo ya ce a sake. Sai da aka ƙone guda uku. Da zai tafi ya sallami mai sikelin, ya ce Nata'ala ya yi masa guda ɗaya saboda yara. Rahama ta tuna masa cewa autansa ya gama sakandare.

Shekara biyu ke nan. Ba zan ce ya yi arziki ba, gona ce dai har yanzu ke ba mu tuwo. Amma rumfar tana buɗe, gawayi yana ci har la'asar, kayan Baba suna inda ya bar su. Duk zangon karatu yana zuwa makarantu uku ko huɗu a ƙasar Gwarzo da Kabo. Masu kawo jirgi gyara sukan tuna suna da tukunya mai yoyo a gida, sai su haɗo. Choji ya ware masa kwali a shagonsa, duk wanda ya sha lemo a tasha ya jefa gwangwanin a ciki. A makon jiya wasu 'yan mata biyu daga Unguwar Tudu suka zo da mahaifinsu da jirgin da suka ƙera da kansu, ya karkace, gam ya yi masa dama-dama. Nata'ala ya juya shi ya duba, ya gyara musu bakin bututu ɗaya, ya sa a ruwa. Jirgin ya tashi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa ya gama da duniya lafiya, mu da shi baki ɗaya.